Shekarar da Baba Ya Yi Roƙon Iri

Jiya da la'asar aka yi ɗan yayyafi a nan Tasawa, irin wanda ke jiƙa bayan akuya ya bar cikinta a bushe. Ƙamshin ƙasa ya biyo iska ya same ni har ɗaki. Yara suka fita tsakar gida suna tsalle suna ihu, maƙwabciyarmu har da guɗa. Ni kuwa sai gabana ya faɗi. Haka nake tun ina yarinya, ruwan da bai kai ya kawo ba ya fi fari tayar mani da hankali. In za a yi ruwa a yi, in ba za a yi ba a bar mu da ranarmu, mun san da ita. Jikokina sun ce tsufa ne ya sa ni mita. Ba tsufa ba ne, gado ne, ku matso ku ji inda na samo shi.

Ƙauyenmu yana kan tudun rairayi tsakanin Tasawa da Mayahi, in ka yi sammako da jaki kana cin kasuwar Urafan ka dawo da sauran rana. Asalinmu gidan Arna ne, manoma tun kaka da kakanni. Gandu ɗaya ake nomawa, tukunya ɗaya ake ci, kuma komai yana hannun wan babana, wanda muke ce wa Baba Babba. Kowace shekara kafin a sa sungumi a ƙasa, shi ke yanka akuya a gindin wani tsohon gawo da ke tsakiyar gandu, ƙanensa kuma, wato babana, shi ke riƙe mata ƙafafu. Haka suka tashi suka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Sai gyambo ya kama Baba, wato nawa uban, a ƙauri. Aka yi saƙe-saƙi, aka yi turare, ƙafa sai ƙara ruɓewa take. Daga ƙarshe aka ɗora shi kan raƙumi zuwa asibitin 'yan mishan can wajen Maraɗi. Ya daɗe ƙwarai, har wasu suka fara yi wa Inna gaisuwa a kaikaice. Da ya dawo, ya dawo da ƙafarsa garau, da ɗan karatu, da bangaskiya ga Yesu Almasihu. Lokacin yanka ya zo, ya ce shi kam ba zai riƙe akuya ba. Ba a yi dambe ba, ba a yi zagi ba, da ma an yi da ya fi sauƙi. Baba Babba ya dube shi kawai, ya je ya yankar masa gona a kan tudu inda ƙasa ta fi gajiya, muka ja bukkokinmu gefe, aka kafa darni a tsakani. Kaka, uwarsu, ta zauna wajen babban ɗanta kamar yadda ya kamata, amma ta ɓula darnin nan daidai jikinta, kullum tana shigowa da sunan neman wuta ko cigiyar kaza.

Masu bi a duk yankin nan ba mu da yawa. Mu ne, sai wani gida a wani ƙauye can gaba, sai mai bishara da kan zo a kan belo, wato keke, jefi-jefi. Kowace safiya Baba kan tara mu a gindin aduwar da ke tsakar gida, ni da Inna da ƙanena da ake goyo, mu yi addu'ar nan da Ubangiji ya koya wa almajiransa, wadda a cikinta ake roƙon abincin yinin da aka wayi gari a ciki. Ina iya ganin farin kan Kaka ta ɓular darni, wai ita tsintar kara take yi.

Baba mutum ne da bai iya zama ba. In ya zauna ƙafarsa na rawa, in ya kwanta yatsunsa na ƙwanƙwasa tabarma. Bangaskiyarsa kam ta gaske ce, wannan ba ni da shakka. Amma ya ɗora wa kansa wani kaya da ba wanda ya ɗora masa. A ganinsa duk garin sun zuba wa gonarsa ido ne don su ga ko Allahn da ya bi yana ciyarwa. In hatsinsa ya yi kyau, to ya fitar da Ubangiji kunya, in ya lalace kuwa, shi ke nan an ga bayansu su biyun. Kai jama'a! Ɗan adam da ko numfashinsa ba a hannunsa yake ba, wai shi ne zai tsare wa Mahalicci mutunci.

Shekarun nan ne aka ce Nasara sun tattara nasu ya nasu, mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa. Mu dai a ƙauye abin da muka gani da idonmu shi ne gyaɗa. Da kaka ta yi sai manyan motocin kaya, kamyo-kamyo, su riƙa keta rairayi suna gurnani, a kafa ma'auni, a tara buhuna har su fi ɗaki tsawo. Maza su dawo daga awo wani da belo, wani da rediyo, wani da turamen atamfa. Kowa ya haukace da gyaɗa, Baba kuwa da ba ya yin abu rabi da rabi ya ba ta mafi yawan gonarsa. An biya lanho, wato haraji, ba tare da an sunkuyar da kai ba, Inna ta yi sabon zane, muka sami fitilar ƙwai da 'yar tunkiya. Sai dai rumbu bai san wannan labari ba. Tun bazara ba ta yi nisa ba muka ga gindinsa, muka koma cin garin rogon da ake kawowa daga Najeriya, da 'yar dawar da ake awowa ranar kasuwa. Hatsin da ya rage mana a duniya shi ne iri, dami guda na zango, geron nan mai dogon kai, wanda Baba ya zaɓa zangarniya-zangarniya lokacin girbi, ya rataye a rufin ɗaki inda hayaƙi ke dukansa don kada ƙwari su taɓa.

Ku 'yan yanzu ba lalle ku san binne ba. Binne shi ne a shuka hatsi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan fari ya tarar da ƙwaya tana jiransa, hatsinka ya riga na kowa tashi. Caca ce tsagwaronta. In ruwan farko ya zo da ƙarfi ka ci riba, in yayyafi ne, ƙwaya ta tsiro ta rasa abin sha ta mutu. Shi ya sa duk mai hankali rabin irinsa yake binnewa, rabi ya bar shi a rataye. Ko yaron da bai fara riƙe hauya ba ya san wannan.

Baba ya hau turmi ya sauko da damin nan gaba ɗaya.

Inna ta ce, "Maigida, duka?"

Ya ce, "Duka."

"A bar ko 'yan zangarniyoyi mana."

Ya ce, "Wanda muke bi ba ya ba da kunya."

Inna ba mai ja-in-ja ba ce. Ta ɗauki taɓarya ta sussuke, ta sheƙe, amma na ga yadda take tsince ƙwayar da ta faɗi ƙasa ɗaya bayan ɗaya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Har gobe ƙafata ba ta manta shukar nan ba. Baba na gaba da sungumi yana sara, taku ɗaya sara ɗaya, ni da Inna muna biye da ƙoƙo, mu ɗan ɗibi ƙwaya da yatsu uku mu jefa, mu rufe da diddige. Rairayin busasshe ne, kafin ka jefa ramin ya fara rufe kansa. Da hantsi ya ɗaga sai ƙasa ta koma kamar tokar murhu, ina ɗaga ƙafa ina ajiyewa kamar kazar da ta taka wuta. Mata masu zuwa rijiya suna ratsawa ta bakin gona, su tsaya da tulu a ka suna kallonmu. Shi kuwa gogan naka da ya ga ana kallo sai ya ɗaga murya yana waƙar majami'a, har can cikin gari ana jin sa. Ni a lokacin daɗi na ji, na ɗauka duk duniya ba uban da ya kai nawa.

Ba a jima ba yayyafi ya zo, irin na jiya sak. Bayan 'yan kwanaki gona ta yi kore shar, layi-layi, alhali gonakin mutane duk jajaye ne. Baba ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ko wajen maƙeri za shi sai ya bi da hira ta bakin gona. Kaka ta je ta gani, ta tsuguna ta cusa ɗan yatsa a ƙasa, ta zaro shi a bushe daga gaɓa ta biyu. Ta yi tsaki ta kaɗe hannu ta koma.

Daga nan sama ta rufe bakinta. Kullum da yamma hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi cida, mu kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsar da shi ta bar mu da yashi a haƙori. Yashin nan mai zafi shi ya riƙa yankar tsiron yana rufe shi. Kore ya koma rawaya, rawaya ta koma kamar gashin da wuta ta lasa. Wata safiya muka je, ba ka ce an taɓa shuka wani abu a wurin ba. Baba ya riƙa bin layi yana tona ramuka da hannu ko zai sami ƙwayar da ba ta tsiro ba. Tururuwa da kurciya sun riga shi.

Gidanmu ya zama ba daɗi. Baba ya fita ya dubi gabas, ya shigo, ya sake fita. A ajiye masa abinci ya sa hannu sau biyu ya ture. Addu'ar safe ba a fasa ba, amma ta gajarce, muryarsa ta yi tauri kamar mai karanta wa wani laifinsa. Irin gyaɗa kam akwai shi, amma gyaɗa ba ta zama tuwo sai an kai ta ma'auni, kafin nan kuwa mai jiranta ya ga ta kansa. Hatsi a kasuwa ya yi tsadar da ko masu shanu sai sun yi shawara. Ƙanena ya fara ramewa, wuyansa ya yi tsawo.

Ran nan sai ga Baba Babba ya yi sallama. Tun da aka kafa darni bai taɓa tako gidanmu ba. Inna ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa ta koma gefe. Ya daɗe yana duban ƙanena, sannan ya ce, "Ɗiyan ƙanena ba su kwana da yunwa ina da rumbu. Ka dawo gandu, ga iri, ga ci. Abu guda ne, ka kuwa san shi."

Kada ku ɗauka mugunta ce. Shi a wajensa gandu ba ya tsayuwa sai da yankan nan, kuma tun da ƙanensa ya janye hannu yake kwana da tsoron abin da zai sauko wa gidan duka. Taimako ya kawo, iyakar yadda ya san taimako.

Baba ya ce, "Na ji, yaya."

Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Wannan shi ya fi tsorata Inna. Ni ma da ƙuruciyata na gane inda aka tsaya. In ya koma gandu za mu ci, amma ba sauran taruwa a gindin aduwa, zai sake tsugunawa ya riƙe ƙafar akuya. In bai koma ba, ba mu da abin shukawa, sai dai mu ɗaure kaya mu bi hanyar kudu kamar yadda yunwa ke kora mutane. Na riƙa satar kallon fuskarsa ko zan karanta wanda ya zaɓa, ban ga komai ba sai jijiyar da ke motsi a gefen goshinsa.

Sai ruwan gaske ya zo. Da hantsi hadari ya haɗo, wannan karon iska ba ta iya da shi ba, aka yi ta sheƙawa har la'asar, kwaɗi suka fito daga inda ba wanda ya san suna nan. Washegari tun da jijjifi gari ya watse, kowa da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙoƙuna, har tsofaffi masu sanda. Laimar rairayi ba ta jiran kowa, in ka yi nawa ta tsere ƙasa ta bar ka. Mu kaɗai muka rage a gida kamar masu takaba.

Baba ya tara mu a gindin aduwa. Da aka zo wurin roƙon abincin yini sai muryarsa ta maƙale. Inna ce ta ƙarasa mana a hankali. Da aka ce amin ya miƙe, ya tsaya yana duban ƙofar gidan wansa, na ga ƙafarsa ta ɗaga.

Kafin ya taka sai ga Kaka ta kutso ta ɓular darni, zanenta na kamawa a kara tana fizgewa. Ta wurgo masa wani tsohon ƙoƙo a gaban ƙafa.

Ta ce, "Kai, ni ban san hanyarku ba, ban kuma ce ina bi ba. Amma kunnena na ji. Kullum safiya ta Allah abincin yini kuke roƙo. To wa ya aike ka binne na shekara don a ce da kai sannu?"

Baba ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ka iya roƙon wanda ba ka gani, wanda kake gani ne ya gagare ka? Girman kai rawanin tsiya. Ɗauki ka tafi, ba a hana iri."

Gaskiya ta faɗa, kuma kowa a ƙasarmu ya san haka. Ana hana bashi, ana hana aron jaki, amma ba a hana iri. Ba rance ba ne, ba sadaka ba ce, ko wanda ba ku ga-maciji ya zo maka da ƙoƙo lokacin shuka sai ka ɗiba masa, don ba wanda ya halicci ƙwayar da ke hannunsa. Sharaɗin guda ne, maigida shi zai zo da ƙafarsa ya faɗa da bakinsa, ba a aiko mace, ba a aiko yaro. Baba ya san da wannan al'ada sarai tun ranar da tsiron ya mutu. Bai taɓa kawo ta a ransa ba ne, don a wajensa gara a ce ya mutu. Ga shi kuma ranar ba kowa a gida balle a yi abin a soro cikin sutura. Duk wanda zai roƙa yana gona, a fili, gaban matansa da ɗiyansa, mutanen nan da ya cika wa kunne da waƙa.

Baba ya dubi abin da aka wurgo masa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki ƙoƙon. Ya ce mani, "Ɗauko zanen uwarki ki biyo ni."

Gonar limamin garinmu muka fara isa. Ina bayansa ina ganin zufa na bin ƙeyarsa alhali gari da sanyin ruwa. Ya yi barka da ruwa, aka amsa, ya yi barka da aiki, aka amsa, ya sake yin barka da ruwa. Liman ya dogara da sungumi yana jira. Can Baba ya ce, "Malam, iri na zo roƙo." Muryar kamar ba tasa ba. Liman bai ko dube shi sau biyu ba, ya kira matarsa ta zuba masa daga nata ƙoƙon, ya ce Allah shi sa albarka, ya ci gaba da sara. Shi ke nan fa. Abin da ya hana Baba barci kwana da kwanaki bai ɗauki tsawon shan ruwa ba.

Haka muka yi ta bi gona-gona, yana karɓa yana juyewa a zanen da nake riƙe. Maƙeri ya ce, "A'a, mai waƙa, yau ba waƙa?" Matansa suka ƙyalƙyale, amma ya cika ƙoƙon har yana zuba. Wasu Buzaye da ke zaune a gefen gari suka ba mu nasu mai gajeren kai, ankutas. Wani ya ba mu maiwa, wadda sai kowa ya gama girbi take nuna. Wata tsohuwa da ba ta da kowa ta kwance bakin zanenta ta ba mu tafi guda, duk rabinsa shibra ce, hatsin nan da ke rigan kowa nuna ya kakkaɓe, wanda manomin kirki ke tugewa ya yar. Baba ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Na lura tun daga gona ta huɗu ko ta biyar ya daina maimaita gaisuwa, yana isa sai ya faɗi abin da ya kawo shi.

Da rana ta take tsaka abin da ke zanen bai kai ya rufe gonar ba, kuma gona ɗaya ta rage, gandu. Na ɗauka za mu kauce. Baba ya miƙe sak, muka wuce ta gindin gawon nan, ga jinin akuyar bana bai gama wankewa daga saiwarsa ba. Baba Babba ya hango mu ya tsaya, duk masu bin sa suka tsaya.

Ya ce, "Ka dawo ke nan?"

Baba ya durƙusa kamar yadda ƙane ke yi wa wa, ya miƙa ƙoƙo. Ya ce, "A'a, yaya. Iri na zo roƙo."

Ina jin kukan kwaɗi daga fadama. Fuskar Baba Babba ta yi wani iri, na kasa gane fushi ne ko kuka ke zuwa. Ya kafa sharaɗinsa, ƙanensa ya ƙi, kuma ya ƙi a gaban jama'a. Amma ga ƙoƙo a miƙe, shi kuwa mutum ne da bai taɓa taka al'ada ba ko da wasa. Ya karɓi ƙwaryar iri daga hannun uwargidansa, ya cika ƙoƙon, ya ce in matso, ya juye sauran duka a zanena. Ya ce, "Tashi, laima na gudu." Ya juya mana baya ya ci gaba da sara, ban san me suka shuka a sauran layukan ba.

A bakin gonarmu Inna ta tare mu. Da ta ji daga inda na ƙarshen ya fito, ta ce a hankali ko a ware shi, tunda an kai shi gindin gawo. Baba ya dubi zanen, duk sun riga sun gauraye, fari da baƙi da ja, manya da ƙanana. Ya ce, "Wanda ya yi ƙwayar ya san abinsa." Muka yi wa Ubangiji godiya a tsaye, muka shiga shuka har duhu ya hana mu ganin rami.

Gonar da ta fito, tabɗi! Ban taɓa ganin mummunar gona irinta ba. Wani hatsin ya kai ƙugu, na kusa da shi ya wuce kan mutum, wani ya fid da kai har ya yi bununi, maƙwabcinsa ko ciki bai yi ba. Masu wucewa suka sa mata suna gonar roƙo. Baba kan bi ta bayan gari don kada a tare shi da zancenta.

Sai tsakiyar damina ta zo, lokacin da rumbun kowa ke ƙara in an ƙwanƙwasa, hatsin gona kuwa bai nuna ba. A nan ne shibrar tsohuwar nan ta fara nuna. Ni da Inna mu shiga da kwando da sassafe, raɓa na jiƙa mu har wuya, muna bi muna latsa zangarniya da farce. Mu sami 'yan kaɗan, mu shanya, mu sussuke, a yi kunu, in da rara a gasa mana tumu. Kafin shibra ta ƙare ankutas ya kama, shi ma ba gaba ɗaya ba, don ba hannu ɗaya ya ba da shi ba. Yau a wannan kusurwa, gobe a waccan. Ba mu taɓa samun abin da za a ɗaure dami ba, na tukunyar ranar kawai. Ba zan yi maku ƙarya in ce kullum an ƙoshi ba. Akwai ranakun da muka fito da abin da bai rufe gindin kwando ba, aka cika da tafasa da yaɗiya, na kwanta cikina na ƙugi ina jin haushin kowa. Amma ba ranar da ba a ɗora tukunya ba, kuma wuyan ƙanena ya daina tsawo.

Kuna tsammani Baba ya natsu? Ina! Kullum da yamma sai ya zagaye gonar yana latsa kawuna, ya dawo ya ce wa Inna, "Na duba, gobe kam babu." Inna ta ce, "To, Allah ya kai mu goben." Da safe mu shiga mu samo. Da yamma ya sake zagayawa ya sake faɗin haka. Har maiwa ta nuna a ƙarshe muka ɗaure 'yan dammuna muka sa a rumbu, bai fasa ba. Abin da ya sauya guda ne. A gindin aduwa, in an zo wurin abincin yini, yakan rage sauri, ya faɗe shi kamar mai magana da wani da ke tsaye a gabansa. Gandu kuwa bai koma ba har ya bar duniya, kuma bai sake yin waƙa don a ji shi ba.

Yanzu an ce iri a kanti ake saye cikin leda, duk tsawonsa ɗaya, rana ɗaya yake nuna. Gyaɗar da ta haukata mutane ta tafi ta bar ƙasa a gajiye. Na tambayi wani jikan Baba Babba da ya zo gaishe ni ko har yanzu ana roƙon iri, ya yi dariya ya ce wa zai yarda a gan shi.

Ni ma ban yarda ba, ai ɗiyar babana ce. Na yi aure, na yi takaba da sauran ƙarfina, na riƙe gida da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na sa yara lakkwal suka yi boko, ban taɓa zuwa ƙofar kowa neman ko gishiri ba, kuma ina alfahari da haka har a majami'a. Bara waccan ɓarin jikina na dama ya shanye. Bakina ya dawo, kun dai ji shi, amma hannu da ƙafa sun ƙi. Ba na iya tashi daga shimfiɗa sai an ɗaga ni, mai ɗagawar kuwa matar ɗana ce, yarinyar da a da ko ruwa ba na sha a gabanta don kunya. Ita ke zaunar da ni, ita ke yi mani abin da ba a faɗa.

Kullum da asuba ina farkawa kafin kowa, in kwanta ina ƙulla yadda yau kam zan tashi da kaina. In dafa bango, in ciji leɓe, in yi ta kokawa har zufa ta karyo. Ina jin ta a tsakar gida tana hura wuta, na san kunnenta na wajena, amma ba ta shigowa sai na kira, don ta san halina. In yi addu'ata, in roƙi Ubangiji alherin da zai kai ni faɗuwar rana, na gobe kuwa na gaji da tambaya, ba a ba ni. Sannan in ci gaba da kwanciya ina jin haushi, ina jan lokaci.

Yau ma sai da rana ta shigo ta ƙasan ƙofa. Na ce, "Ɗiyata, zo ki tashe ni."